Babi na Shida: Tumatir Ba Ya Jiran Makaniki

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano, da ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura zai fara ganin manyan motoci jere a gefen kwalta, wasu ana yi musu lodi, wasu an riga an ɗaure su da igiya ana jiran rana ta yi sanyi. Ruwan da aka tare a Tiga tun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya mayar da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam lambu guda. A babin da ya gabata mun bi ruwan nan daga babban kanal har cikin kwami. To amma tumatirin da ake tsinka a Gafan da Kadawa, mafi yawansa ba a Kano za a ci shi ba. Masu miyarsa suna Legas da Ibadan da Anaca da Fatakwal. Tsakanin kasuwar Kwanar Gafan da kasuwar Mile 12 akwai tafiyar wajen kilomita 1,000, kuma dukkanta a kan taya ake yin ta.

Motar siminti in ta mutu a hanya ta kwana bakwai, simintin yana nan yadda yake. Tumatir kuwa tun daga sa'ar da aka raba shi da uwarsa yake ƙirga lokaci. An tsinke shi ya fara ja, an cika kwando har ya yi tozo, na sama yana danne na ƙasa, ga zafin da yake fitarwa da kansa a cikin lodi. In komai ya tafi daidai, kwana biyu zuwa uku ya isa Legas da sauran kyansa. In aka ƙara masa kwana biyu a gefen titi, rana tana dukansa, sai ka ga ruwa yana tsiyaya ta ƙasan bodi, ƙudaje sun taru. Shi ya sa a wannan yanki mutuwar mota ba ta tsayawa a kan direba da mai mota. Tana komawa har kan manomin da ya kwana uku yana ban ruwa.

Mutane sukan ɗauki lalacewar mota a matsayin abin da ke faɗowa ba sanarwa. Akwai irin wannan, amma kaɗan ne. Yawancin abin da ke tsayar da tirela a Mokwa, tun a Kano aka san da shi. Yaron mota ya ga ɗigarsa a ƙasa da asuba, direba ya ji ƙararsa tun tafiyar da ta wuce, har ya kira mai motar ya gaya masa.

"Alhaji, tayoyin baya biyu sun cinye, ga boris ɗin gaba ya fara kuka."

"Haba direba, kana ganin kasuwa ta buɗe. A lallaba a kai wannan, in ka dawo sai a shiga gareji."

In ya dawo kuma wani lodin yana jira, domin kakar tumatir 'yan watanni ce, kuma a cikinta mai mota yake fatan fitar da kuɗin shekara.

Daga wurin lodi abin yake somawa. Da kwando ake biyan kuɗin mota, saboda haka duk kwandon da aka ƙara riba ce ga mai mota, la'ada ce ga ɗan kamasho, sauƙi ne ga ɗan kasuwar da ke tsoron kayansa su kwana a ƙasa. A cikin masu tsaye a wurin babu wanda ƙarin kayan zai cutar a wannan sa'ar. Sai a jera kwanduna hawa-hawa a kan katako har su haura bodi, a ɗaure, sannan masu rakiyar kaya da matafiyan da ba su da kuɗin bas su hau can sama. Tumatir bai kai siminti ko taki nauyi ba, amma tsayin lodinsa yana sa mota rangaji a kwana, nauyin ya riƙa komawa gefe guda. Kuma motar nan ba wofi ta hauro daga kudu ba. Da rodi ta zo, ko tayil, ko gishiri, kafin nan kuma da kaka ta sha jigilar shinkafa shanshera ta kan hanyoyin burji da ke bin gefen kanal. Tsagewar da rodi ya yi wa sifirin a hanyar haurowa, ita ce ke ƙarasawa a ƙarƙashin tumatir a hanyar gangarawa.

Galibin DAF da MAN da Iveco da ke wannan aiki sun gama wata rayuwar a Turai kafin a sauke su a tashar ruwa. A can, ƙa'idar da aka fi bi ita ce mota da kayanta gaba ɗaya kada su wuce tan 40, kuma a kan wannan lissafi aka ƙera komai na jikinta. Da ta iso, abu na farko da ake yi shi ne a kai ta wurin mai walda, a ƙara wa bodi tsawo da tsayi, a ƙara wa sifirin ganye. Sifirin ya daina lanƙwasa, sai a ga kamar motar ta ƙara ƙarfi. Amma ba a ƙara wa boris komai ba, ba a ƙara wa kusoshin taya ba, balle kuloci da birki. Dukan da sifirin ya daina shanyewa sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi. Daga nan ake samun shasin da ya tsage, da boris ɗin da ya yi zafi har giris ɗinsa ya kama wuta, da kusoshin da ke guntulewa ɗaya bayan ɗaya har wili ya fice ya bar motar yana gudu shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa ganin tayar tirela ta ƙwace ta shiga kasuwar bakin titi ba ya sake ɗaukar wannan da wasa.

Titi ma yana karɓar rabonsa. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka sun yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji suna auna ɓarna, suka gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya guda, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. A 2012 ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar nauyi ta bai ɗaya, wajen tan 11 da rabi a kan layin tayar da ke jan mota. Dokar tana nan a rubuce, sikelin da zai tabbatar da ita ne ba a cika gani yana aiki ba. Motar da aka yi wa obalodi ita ke haƙa ramin, ramin kuma ya karya sifirin ɗin wadda ke biye da ita.

In ka tambayi direbobi goma abin da ya fi tsayar da su, mafi yawansu taya za su ce, kuma gaskiya suka faɗa. Babban abokin gabar taya shi ne zafi, zafin kuma daga cikinta yake tasowa. Duk juyin da ta yi, gefenta yana lanƙwasa ya miƙe, wannan lanƙwasawar ita ke haifar da zafi. In iska ta yi ƙaranci ko kaya suka yi yawa, lanƙwasawar ta ƙaru, robar ta fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke cikinta, har ta yi bindiga. Tayar babbar mota tana son iskar da ta haura awo 100 a ma'aunin masu faci, kusan ninki uku na ta ƙaramar mota. Amma yaron mota da ƙarfe yake auna ta: ya bi tayoyin yana bugawa yana sauraron amo. Wannan dabara tana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, ba ta nuna wadda ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na iskarta, alhali ita ce mai haɗari. A tayoyin baya da ke tafiya bibbiyu, in ta ciki ta yi sanyi, ta waje ce ke ɗaukar nauyinsu duka, sai lafiyayyar ta riga mai ciwon fashewa. Haka in aka haɗa sabuwa da tsohuwa, mai tsayin ita ke wahala. Ga kuma dutsen da ke maƙalewa a tsakaninsu tun daga hanyar gona, yana cin gefen kowacce har Kaduna. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 kwalta kuma ta fi haka nesa, duk waɗannan sukan haɗu a rana guda. Tashin yamma da direbobin tumatir ke yi, don kayan ne, don tayar ne kuma.

Sai batun irin tayar da ake saye. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008. Tun daga nan tayar babbar mota ta zama kayan waje, farashinta yana bin dala, kuma bayan da aka saki naira a tsakiyar 2023 abin ya kai inda mai mota guda ɗaya ba ya iya sauya tayoyinsa a lokaci guda. Sai a koma wa 'yar Beljiyam, wadda aka cire a wata ƙasa don ta gama aiki, ta daɗe jibge a rana ko an cusa ta cikin 'yar'uwarta a kwantena. Wasu ma sake yanka mata zane ake yi da wuƙa mai zafi don ta yi kama da mai sauran rai, alhali an ƙara kusantar da wayoyinta ga kwalta ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana jan kunne cewa taya in ta shekara huɗu daga wannan rana, ta fara fita daga aminci ko da zanenta bai cinye ba. Ban ga laifin mai motar da kuɗinsa bai kai sabuwa ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne a sa irin wannan taya a gaba. Ta baya in ta fashe, akwai 'yar'uwarta da za ta riƙe motar har a gangara gefe. Ta gaba in ta fashe, sitiyari take fizgewa daga hannun direba.

Bayan taya sai zafin inji. Lagireto aikinsa ya ba iska zafin da ruwa ya kwaso, kuma a ƙasar Kura abubuwa biyu ke hana shi. Ta waje, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe ƙananan ramukansa. Ta ciki kuwa, ruwan da ake zuba masa ne. Motar da ke tsaye a bakin kanal, ba wanda zai je neman ruwan kanti mai launi, guga za a zura a ɗebo. Ruwan kanal yana ɗauke da laka, kuma ba shi da sinadarin da ke hana tsatsa, a hankali sai hanyoyin cikin lagireton su cushe. Murfinsa ma yana da aiki: shi ke riƙe matsi don kada ruwan ya tafasa a digiri 100, amma sau nawa ake ganin an toshe bakin da tsumma? Ga al'adar cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa da zarar mota ta iso, wai ta ƙasar sanyi ce. Cirewar ba ta warkar da lagireton da ya toshe, ɓoye ciwon kawai take yi zuwa ranar da za a haɗu da dogon hawa. Ranar nan fambel ya tsinke ko tiyo ya fashe, allura ta haura ja, direba ya ce bari ya ƙarasa garin gaba. Waɗannan 'yan kilomitocin su ke ƙona gaskit. In kuma aka tsaya aka kwara wa injin da ke tafasa ruwan sanyi, kan injin ya tsage. Gyaran da tiyo guda zai yi a Kura ya koma sauke inji a daji.

Ƙurar nan tana da wata hanyar shiga. Injin babbar mota yana shaƙar iska mai ɗimbin yawa a kowane minti, matatar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da ƙasar da ke cikinta. In ta toshe, mota ta rasa ƙarfi ta fara baƙin hayaƙi. Maimakon a sauya ta, sai a cire a buga a jikin taya ko a hura mata iska mai ƙarfi, takardar ta yage inda ido ba ya gani. Daga nan ƙura ta samu ƙofa, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa cin zoben fistin. In aka haɗa da baƙin man da ya wuce lokacin juyewa, ko na durom da ba a san asalinsa ba, ƙarshenta kalma ɗaya ce da kowane mai mota ke tsoro: inji ya buga.

Gas, wato dizal, ba ya cikin man da gwamnati ta riƙa tallafa wa a shekarun baya-bayan nan, saboda haka duk girgizar kasuwar duniya kai tsaye take isa tankin tirela. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, kafin tsakiyar shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta doshi 800, daga baya ta haura 1,000. Direban da aka ba kuɗin mai a dunƙule, duk abin da ya rage nasa ne, dole idonsa ya kai ga jarkokin 'yan bumburutu. Wani man lafiya lau yake, daga tankin wata motar aka zuƙo shi. Wani an sirka shi da kananzir, wani ya kwana a durom ya sha ruwa da tsatsa, wani kuma daga matatun ɓoye na yankin Neja Delta ya fito. Tsohuwar Marsandi 911 takan haɗiye irin wannan ta yi tari ta wuce. Sababbin injuna masu kwamfuta ba sa yafewa, domin da matsi mai tsanani suke fesa mai ta ramukan nozul da suka yi kusa da siririn gashi, kuma man da kansa shi ke sanyaya famfon yana hana shi gogewa. Kananzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Filta ta toshe, mota ta fara shaƙewa a hawa, ta mutu.

A nan wata matsalar take fitowa, wadda ba a cika maganarta ba. Makanikanmu na bakin hanya gwanaye ne na gaske. Da kunne suka koyi inji, kuma mutum ɗaya da yaransa biyu suna iya sauke giyabos a ƙarƙashin bishiya su mayar kafin magariba. Amma injin da kwamfuta ke sarrafawa, in wata 'yar na'ura ta ba shi labarin da bai gamsu da shi ba, rage ƙarfin kansa yake yi ko ya ƙi tashi, kuma kunne ba ya jin dalilin. Sai an jona masa na'urar bincike, ita kuwa tana manyan garuruwa. Shi ya sa za ka ga an yanke wayoyi an yi haɗin gambiza, ko a cire injin gaba ɗaya a dasa tsohon yayi. A shekarun 1970 gwamnati ta kafa masana'antun haɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, da ta Fiat a nan Kano, a kan wannan titin na Zariya da motocin tumatir ke bi. Da sun ɗore yadda aka tsara, da kayan gyara da horon makanikai sun tafi tare da motocin. Yau mai motar da ta mutu a Jebba, waya yake bugawa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, a nemo masa na gwanjo a sa a motar haya, shi kuma yana zaune yana kallon lodinsa.

Mafi yawan abin da aka ambata zuwa yanzu dukiya yake ci. Birki shi ne mai cin rai. Birkin babbar mota da iska yake aiki: kwamfuresa tana tara iska a tukwane, in direba ya taka, iskar ta tura fatar birki ta kama ganga. Iskar da aka matse tana tara ruwa, musamman in an gangara kudu inda raɓa ta yi yawa, kuma a ƙasan kowace tukunya akwai ɗan bawul da ake ja ruwan ya zube. Aikin minti biyu ne kowace safiya. In aka bar shi, ruwa ya cinye wurin iska, ya sa tsatsa a bawuloli. Yoyon iska kuma ba ya ɓuya, ana jin tsakinsa in an kashe mota. Motocin zamani an yi musu dabara, in iska ta ƙare birkin baya ya kama da kansa, shi ya sa wani lokaci za ka tarar da tirela ta ƙame a tsakiyar titi ta hana kowa wucewa. Abin takaicin shi ne yadda wasu ke magance wannan: a kwance birkin layin da ke ba da matsala, ko a toshe tiyon da ke kai iska ga bodin baya, a bar kan motar shi kaɗai yana tsayar da nauyin duka.

Sai gangara. Fatar birki tana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudu zafi. In aka ɗora ƙafa a kai tun daga saman tudu, gangar ta yi zafi ta buɗe, fatar ta yi santsi, direba yana takawa motar tana ƙara gudu. Tsofaffin direbobi sun san maganin: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Amma tsadar gas ta kawo wata mummunar ɗabi'a, ta sa mota a firi a gangara don a tsimi mai. A firi inji ba ya riƙe komai, kwamfuresa kuma tana juyi a hankali daidai lokacin da aka fi bukatar iska, kuma in gudu ya yi yawa giyar ba za ta sake shiga ba. Dokar hanya ta ce tirela kada ta wuce kilomita 60 a sa'a ko a kan babban titi mai hannu biyu. Litar da ake tsimi a gangara guda ba ta kai kuɗin kwando ɗaya ba, ga mutane zaune a saman lodi.

Batir da wayoyi da fitilu ba sai an tsawaita ba, sai dai a ce tafiyar tumatir ta dare ce. Motar da ta mutu da dare ba fitilar baya, ba alamar da ke ƙyalli, sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera a kwalta, ta zama tarko ga duk bas ɗin da ke tafe.

Hanyar ita ma ba ɗaya ba ce. Daga Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna an sabunta titin, mota tana tafiya sumul, har santsin yakan ja direba ya ƙara wuta tayoyi su ɗau zafi. Wahalar tana gaba. Tsohuwar hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina, wadda ta fi kusa, lalacewa da 'yan bindiga sun sa da yawa sun ƙaurace mata, suna zagayawa ta Suleja da Lambata da Bida kafin su faɗa Mokwa. Nauyin da aka raba wa hanyoyi biyu ya koma kan guda. A damina ta 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, motoci suka yi kwanaki a jere. A irin wannan cunkoso, na tashi a tsaya, kuloci ke ƙonewa, inji ya yi zafi don ba iskar da ke bugun lagireto. Kuma mota guda in ta mutu a inda hanya ta tsuke, ɗaruruwa ne ke kwana a bayanta, har da waɗanda suka duba motocinsu tsaf kafin su taso.

In abin ya faru, direba yakan fara da kiran mai mota, mai rakiyar kaya kuma ya kira dillali a Legas. In gyaran na sa'o'i ne, a jira. In na kwanaki ne, sai a nemi wata motar a yi juye, a biya sabon kuɗin mota da na 'yan dako, kuma duk kwandon da aka ɗaga aka sauke ya ƙara dameji. In ba a samu ba, a karyar da kayan ga matan garin da ke kusa a kan abin da ya samu. Yaron mota shi ake bari da gawar motar, wani lokaci mako biyu, yana kwana a ƙarƙashinta. Ɗan kasuwar da ya yi asarar lodi guda yakan dawo Kwanar Gafan da rabin jarinsa, ko kada ya dawo sam, kuma sau da yawa bashi ya ɗauki kayan, sai an sayar a biya manomi. Ko wanda bai yi asara ba yana sa yiwuwarta a lissafi in zai yi tayi. An ga girman wannan dogaro a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki kwando ya faɗi warwas a Kano, ya yi tashin gwauron zabi a Legas. Abin da yajin ya yi wa kowa a mako guda, mutuwar mota tana yi wa mutum biyar ko goma kowane dare ba tare da an ji a rediyo ba.

An yi fatan masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, za ta rage wannan doguwar tafiya, amma ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya kwashe dalar gyaɗa shekara da shekaru, bai zama abin dogaron mai tumatir ba. Saboda haka nan da wani lokaci mai tsawo, tirela ce dai.

A ganina gyaran da ya fi kusa da hannu yana cikin yadda ake raba kuɗi. Muddin a dunƙule ake ba direba kuɗin mai da na shingayen hanya da na abinci da na gyara, sannan a jira balas cikakke, to kowace filta da ya saya daga bakin 'ya'yansa ya cire ta, kuma zai lallaba. Masu motocin da suka ware kuɗin gyara daban, suka riƙe littafin da ke nuna ranar juye baƙin mai da ranar sauya kowace taya, suka kuma yarda cewa in direba ya ce mota ba za ta tashi ba to ba za ta tashi ba, su ne motocinsu ke kai ƙarshen kaka. Sauran kuma aikin wurin lodi ne. Ma'aunin iska na gaskiya, da jan bawul ɗin tukwane, da taɓa kowane wili a ji zafinsa, da zagaya kusoshi da sifana, da taka birki a saurari yoyo, duka ba su wuce rabin sa'a ba, kuma mota takan yi wuni guda tana jiran kwanduna su cika. 'Yan kasuwar da dukiyarsu ke hawa motar suna da haƙƙin su tambaya kafin a ɗora kwandon farko. Ƙungiyar direbobi kuma, da take iya hana mota lodi don ba ta yanki tikiti ba, tana da ikon hana ta in an ga waya ta leƙo a tayar gabanta.